Kansar huhu: gwajin haɗewar ƙwayoyin gado da tafiyar tsokar da likita ya ɗebo

Daga Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, zuwa asibitin koyarwa na Yalgado Ouédraogo tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Amma mai kansar huhu kan yi watanni kafin ya kai sashen da ya dace da shi a asibitin, saboda tari mai daɗewa, rama da tofar da jini alamu ne da kowa ya fi sani da tarin fuka. Sai an sha maganin tibi ba a ga sauƙi ba ake fara tunanin wani abu dabam. Idan hoton ƙirji ya nuna ƙari, aka ɗebo 'yar tsoka daga jikinsa, madubin likita ya tabbatar kansa ce, iyalai da yawa kan ɗauka bincike ya ƙare. A likitancin yau akwai saura, domin tambaya ta gaba ita ce: wace irin ɓarna ce a cikin ƙwayoyin gado take tura wannan ƙari? Ɗaya daga cikin ire-iren ɓarnar ita ce haɗewar ƙwayoyin gado biyu, abin da takardun asibiti na Faransanci ke rubutawa « fusion de gènes » ko « réarrangement ».

Batun ya shafi Hausawan Wagadugu ta wata fuska ta musamman. Tsohuwar unguwarsu, Zangouettin, wadda sunanta ya fito daga kalmar zango, an rushe ta a 2003 domin aikin ZACA na sabunta tsakiyar birni, a shekarar da gobara ta cinye Rood Woko, kasuwar da ba a sake buɗewa ba sai 2009. Mutane sun watsu cikin unguwanni, amma zumuncin da ya haɗa su da Yamai, Maraɗi, Sakkwato, Kano da Kumasi bai yanke ba. Idan ciwo ya yi tsanani, ana ɗaukar mara lafiya zuwa inda dangi suke ko inda aka ji labarin wani likita. Sau tari mutum ya tsallaka iyaka da jakar hotunan ƙirji, ya bar abu mafi muhimmanci a baya, wato tsokar da aka ɗebo daga jikinsa.

Yadda haɗewar take faruwa

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira sel. A cikin kowane sel akwai jigida 46 na sinadarin DNA, wanda Faransanci ke rubutawa ADN, kuma a jikin jigidun ne ƙwayoyin gado kimanin dubu 20 suke jere. Kowace ƙwayar gado umarni ce ta ƙera wani furotin. Wani lokaci jigida kan tsinke a wuri biyu, sel ya yi ƙoƙarin ɗaurewa, sai ya ɗaure ba daidai ba, kan wata ƙwaya ya manne da wutsiyar wata. Mafi yawan irin wannan haɗin gambiza ba ya haifar da komai. Amma idan wutsiyar ta ƙwayar da ke umartar sel ya hayayyafa ce, kan kuma na ƙwayar da kullum a kunne take, sai a samu furotin da ba ya jin birki. Misalinsa kamar babur ne da totur ya maƙale. Sel ɗin ya yi ta rabuwa ba tsayawa, har ya zama ƙari.

An fara ganin irin wannan a kansar jini. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wata gajeriyar jigida a birnin Filadelfiya na Amurka, a 1973 Janet Rowley ta nuna cewa musayar gutsure ce tsakanin jigida ta 9 da ta 22, a 2001 kuma aka amince da maganin imatinib da ke toshe furotin ɗin da musayar ta haifar. An daɗe ana zaton galibi kansar jini ce ke da wannan hali. A 2007 ne tawagar Hiroyuki Mano a Japan ta bayyana cewa a wasu masu kansar huhu, wani yanki na jigida ta 2 ya juye, ƙwayar EML4 ta manne da ƙwayar ALK. A shekarar ce kuma aka ga haɗewar ROS1 a huhu, sannan ta RET a 2012. Akwai kuma NTRK iri uku da NRG1, waɗanda ba a cika samu ba.

Abu biyu ya kamata iyali su riƙe. Na farko, duk da sunan ƙwayar gado, wannan ɓarna ba a gadonta. A cikin sel ɗin huhu ta faru bayan an haifi mutum, ba ta cikin maniyyi ko ƙwan mace, don haka 'ya'ya ba sa ɗauka, kuma ba dalili ba ce ta fasa aure. Na biyu, ba ta yaɗuwa ta tari ko cin abinci a kwano ɗaya, saɓanin tarin fuka.

Wa ya kamata a gwada

Hukumar bincike kan kansa ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu kansar huhu kimanin miliyan 2.5, wasu miliyan 1.8 kuma suka mutu, abin da ya sa ta fi kowace kansa kisa. Kusan kashi 85 cikin 100 suna cikin rukunin da takardar sakamako ke kira « non à petites cellules », kuma a cikin wannan rukuni nau'in « adénocarcinome » shi ne gidan haɗewar ƙwayoyin gado. ALK kan fito a kashi 3 zuwa 7 cikin 100, ROS1 da RET kowace kashi 1 zuwa 2, NTRK ƙasa da kashi 1. Wani babban bincike a Faransa, wanda ya tattara sakamakon mutum 17,664 tsakanin 2012 da 2013, ya samu ALK a kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Alƙaluman nan daga Turai, Amurka da gabashin Asiya suka fito. Binciken da aka yi a Afirka kudu da Sahara kaɗan ne ƙwarai.

Kashi 5 ƙaramin adadi ne, sai dai idan aka duba su wane ne ke cikinsa. Galibinsu ba su taɓa shan taba ba ko kaɗan suka sha, kuma sun fi sauran masu kansar huhu ƙuruciya, da yawa suna tsakanin shekara 40 zuwa 55, wasu ma ƙasa da haka. Mata suna da yawa a cikinsu. Wato daidai mutanen da ba wanda zai kawo kansar huhu a ransa idan ya ga suna tari: matar gida mai shekara 45, ko ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe karan sigari ba. Irinsu ne ake fi daɗewa ana yi wa maganin tibi. Duk da haka, ƙa'idar da ƙungiyoyin masana tsoka da na kansar huhu suka fitar a 2013, suka sabunta a 2018, ta ce kada a zaɓi wanda za a gwada bisa shekaru, jinsi ko shan taba. Duk mai « adénocarcinome » da ya yi nisa a gwada shi EGFR, ALK da ROS1 aƙalla, sakamako kuma ya fito cikin kwanakin aiki 10.

Daga ƙirji zuwa bulon kaki

A nan ne ake cin nasara ko a yi asara, tun kafin a yi maganar manyan na'urori. Ana samun tsoka ta hanyoyi da dama: a zura siririyar mesa mai fitila ta hanci ko baki zuwa hanyoyin iska, abin da ake kira « fibroscopie bronchique », a soka allura ta haƙarƙari ana kallon hoton sikana, a cire kaluluwar wuya idan ciwon ya kai can, ko a zuƙo ruwan da ya taru a kewayen huhu. Abin da ake samu sau da yawa bai wuce ƙwayar gero biyu ko uku ba. Da wannan ɗan abu za a tabbatar kansa ce, a gane nau'inta, a kuma nemi ɓarnar ƙwayoyin gado.

Da zarar tsoka ta rabu da jiki ta fara ruɓewa, kuma RNA, saƙon da ake karanta haɗewar a jikinsa, shi ne farkon lalacewa. Dole a tsoma ta cikin ruwan formol mai ƙarfin kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, « formol tamponné », cikin ƙasa da awa ɗaya, ruwan kuma ya ninka tsokar aƙalla sau goma. Ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan bai kai ba, rini ba ya kamawa yadda ya kamata. Idan ya wuce, DNA da RNA sun kakkarye. A ƙasashen yankin nan, inda sau da yawa ɗan'uwan mara lafiya ake miƙa wa kwalbar ya kai ɗakin gwaji da kansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwalbar da ta kwana huɗu a gida ana jiran a haɗa kuɗin gwaji, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Wagadugu, za ta iya nuna cewa kansa ce, amma ta daina amfani ga gwajin ƙwayoyin gado. Tsokar da aka sa a ruwan gishirin ƙarin ruwa kawai ta fi saurin lalacewa.

Akwai tarko biyu kuma da ya kamata a sani. Ruwan Bouin, mai launin ɗorawa, wanda dakunan gwaji masu bin tsarin Faransa suka daɗe suna amfani da shi saboda yana fito da siffar sel da kyau, yana ɓata DNA da RNA. Haka ma asid mai ƙarfi da ake tausasa ƙashi da shi kafin a yanka. Idan ciwo ya yaɗu zuwa ƙashi da kuma wani wuri mai taushi, gara a ɗebo daga mai taushin.

Bayan formol, ɗakin gwajin tsoka, wanda kowa ke kira « anapath », zai tsane ruwan tsokar ya binne ta cikin narkakken kaki irin na kyandir. Idan ya daskare sai ya zama ɗan bulo wanda bai kai akwatin ashana ba, « bloc de paraffine », mai ɗauke da lamba. Daga jikinsa ake feƙe yanka masu kaurin maikiron 3 zuwa 5, a shimfiɗa a gilashi. Kowace feƙa tana cin tsoka, kuma abin da aka feƙe ba ya komawa. Shi ya sa ƙwararren likitan tsoka ke yin tsimi: rini biyu, TTF-1 da p40, sun isa a mafi yawan lokuta a bambanta « adénocarcinome » da « carcinome épidermoïde », sauran tsokar a adana. Ruwan ƙirji ma ba abin zubarwa ba ne. Idan aka tace sel ɗin da ke cikinsa aka dunƙule su a kaki, suna ba da bulon da za a iya yi wa duk gwajin nan, kuma zuƙo ruwa ya fi soka allura cikin huhu sauƙi da araha.

Hanyoyin gwaji

Mafi sauƙi ita ce rini, « immunohistochimie » ko IHC. Ana zuba wa yankan tsoka wani sinadari da ke manne wa furotin guda kawai, ya bar launin ƙasa-ƙasa a inda ya same shi. ALK ta dace da wannan hanya sosai, domin lafiyayyen huhun baligi ba ya ƙera furotin ɗinta. Idan sel ɗin ƙari suka rine sosai, kusan tabbas akwai haɗewa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da rinin D5F3 a 2015, ƙa'idar 2018 kuma ta ce sakamakonsa shi kaɗai ya isa a fara magani. Aikin kwana ɗaya ne ko biyu, ana karanta shi da madubin likita na yau da kullum, kuma dabara ɗaya ce da wadda ake gwada HER2 a kansar mama. Sharaɗi dai shi ne a yi amfani da D5F3 ko 5A4. Tsohon sinadarin ALK1, wanda aka ƙera domin kansar kaluluwa, ba shi da ƙarfin gano ɗan furotin ɗin da ke huhu, yakan ce babu alhali akwai. Dakunan gwaji masu kula kan ɗora ɗan yankin tsokar afendis a gefen gilashin, saboda sel ɗin jijiyoyin da ke bangonta suna ɗauke da ALK kaɗan; idan su ba su rine ba, rinin ne bai yi aiki ba.

Ga ROS1 rini tankaɗe ne kawai. Idan bai kama ba, da wuya akwai haɗewa, an huta. Idan ya kama, sai an tabbatar da wata hanya, domin wasu lafiyayyun sel na huhu da wasu ƙari marasa haɗewa su ma suna rinuwa. Haka abin yake ga NTRK. RET kuwa rini ba abin dogaro ba ne a kanta.

Hanya ta biyu ita ce FISH, wadda da ita aka fara. Ana liƙa alama biyu masu ƙyalli, ja da kore, a gefe biyu na ƙwayar gadon da ake tuhuma. Idan ƙwayar tana nan yadda take, launukan suna manne, su yi kamar ɗigo ɗaya. Idan ta tsinke, sai a ga ja can, kore can. Ma'aikaci zai zauna a ɗaki mai duhu da madubi na musamman ya ƙirga aƙalla sel 50, kuma sai kashi 15 cikin 100 sun nuna rabuwa ake cewa akwai. Aikin yana cin ido da lokaci, kayan suna da tsada, ƙyallin yana dushewa, kuma kowace ƙwayar gado gilashinta daban. A ALK ma akwai ƙarin wahala: tunda ita da EML4 maƙwabta ne a jigida ɗaya, ratar da ke tsakanin ja da kore kan yi ƙanƙanta har ta ɓace wa wanda bai saba ba.

Ta uku ita ce RT-PCR, wadda annobar korona ta sa kowa ya ji sunanta. Na'urorinta sun yawaita a yankin tun 2020, kuma Wagadugu tana da tsofaffin hannu a wannan fanni, irin su cibiyar CERBA ta Pietro Annigoni da ɗakin binciken LABIOGENE na Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, waɗanda aka san su da Farfesa Jacques Simporé. Sai dai na'ura ba ita ce gwaji ba. Ciro RNA daga tsokar da ta sha formol sana'a ce daban da cirowa daga majina ko jini. Raunin hanyar shi ne abin da aka aike ta nema kawai take gani. ALK tana da abokan haɗi da dama ban da EML4, ROS1 da RET ma haka, kuma wanda ba a sa cikin jerin nema ba zai iya wucewa. Akwai na'ura mai kwanso irin ta GeneXpert da aka saba gani a cibiyoyin tibi, mai suna Idylla, wadda ke duba ALK, ROS1, RET da wata ɓarna ta MET daga yanka ɗaya cikin kusan awa uku.

Ta huɗu, wadda manyan cibiyoyi suka koma kanta, ita ce NGS, « séquençage haut débit », mai karanta ƙwayoyin gado gommai ko ɗaruruwa a tashi ɗaya. A nan akwai bambancin da ya kamata mai biyan kuɗi ya sani. NGS mai karanta DNA ta ƙware wajen gano ƙananan sauye-sauye irin na EGFR da KRAS, amma haɗewa kan kuɓuce mata, saboda wurin tsinkewar yana faɗawa cikin dogayen sassan DNA masu wuyar karantawa. Mai karanta RNA tana ganin mahaɗar kai tsaye. A 2019 cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York ta sake duba tsokokin da gwajin DNA bai ga komai a cikinsu ba, sai gwajin RNA ya gano ɓarna a kashi 14 cikin 100. Don haka wanda zai aika bulo waje ya tambaya ko gwajin ya haɗa da ARN, yadda Faransanci ke rubuta RNA.

Gwajin jini, « biopsie liquide », yana jan hankali saboda babu soke ƙirji. Idan ya gano haɗewa, ana iya aiki da sakamakon. Idan bai gano ba, bai wanke mutum ba, domin ba kowane ƙari ke zubar da isasshen DNA a jini ba, kuma haɗewa ta fi sauran ɓarna wuyar kamawa ta wannan hanya.

Karanta takardar sakamako

« Positif » da « négatif » a bayyane suke. Kalmar da ke ruɗa mutane ita ce « non contributif » ko « non interprétable ». Ma'anarta gwajin bai yiwu ba, ko don sel ɗin ƙari sun yi kaɗan, ko don tsokar ta lalace. Ba ta nufin babu haɗewa, kuma amsarta ita ce a nemi wani bulo ko a sake ɗebo tsoka. « Équivoque » kuma tana nufin a tabbatar da wata hanya.

Wani abu da ke taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne, waɗannan ɓarna ba su cika haɗuwa a ƙari ɗaya ba. Idan an samu EGFR ko KRAS, da wuya a samu ALK ko ROS1. Saboda haka inda ba a iya biyan NGS tun farko, ana bi mataki-mataki: EGFR da rinin ALK tare, sannan rinin ROS1, sannan idan duk ba a samu komai ba, musamman ga wanda bai taɓa shan taba ba, a aika sauran tsokar gwajin RNA. Illar wannan tsari ita ce yana cin lokaci da tsoka, kuma ƙaramin bulo kan iya ƙarewa kafin a kai matakin ƙarshe.

Abin da sakamakon ke canzawa

Magungunan da ke toshe furotin ɗin haɗewa ƙwayoyi ne da ake haɗiya a gida. A gwajin farko da aka wallafa a 2010, an tankaɗe tsokar mutum kusan 1,500 kafin a samu 82 masu ALK, kuma ƙarin ya motse a kashi 57 cikin 100 nasu da maganin crizotinib. Amurka ta amince da shi a Agustan 2011, shekara huɗu kacal bayan binciken Mano, sannan ga ROS1 a 2016. Da aka kwatanta shi da ƙarin ruwan kansa, wato « chimiothérapie », ya riƙe ciwon wata 10.9, ƙarin ruwa wata 7. Waɗanda suka biyo baya sun fi shi. Alectinib ya kai wata 34.8 a gwajin ALEX. A gwajin CROWN, bayan shekara biyar, kashi 60 cikin 100 na masu shan lorlatinib ciwonsu bai ci gaba ba, na crizotinib kuwa kashi 8. Sababbin sun fi shiga ƙwaƙwalwa, wurin da kansar ALK ke yawan gudu. RET tana da selpercatinib tun 2020, NTRK tana da larotrectinib tun 2018 da entrectinib tun 2019. Ga ciwon da ya yaɗu, waɗannan magunguna ba sa warkarwa. Suna danne shi ne, wani lokaci na shekaru, har ranar da ƙarin ya sake wani sauyi ya daina jin maganin.

A yankin da tarin fuka ya yi yawa akwai gargaɗi na musamman. Rifampicine, ginshiƙin maganin tibi na wata shida, yana sa hanta ta kore crizotinib daga jini har mafi yawansa ya tafi a banza, haɗa shi da lorlatinib kuma an hana gaba ɗaya saboda lahani ga hanta. Mutum na iya samun cututtukan biyu tare, wani kuma yana kan maganin tibi ne kawai bisa zato. Likitan kansa dole ya san duk abin da mara lafiya ke sha, har da na gargajiya.

Kuɗi da tsallaka iyaka

A Turai kuɗin waɗannan ƙwayoyi na wata ɗaya dubban yuro ne, wato miliyoyin sefa. Akwai kwatankwacinsu masu rahusa da ake ƙerawa a Bangaladash, amma maganin kansa ba abin saye a hannun ɗan koli ba ne. Wanda bai bi ta kantin magani mai rajista ba, ba mai iya ba da tabbacin abin da ke cikinsa. Wannan ya sa wasu ke tambaya, mene ne amfanin gwada abin da ba a iya sayen maganinsa? Tambayar tana da nauyi, amma sakamakon yana da amfani ko ba a kai ga ƙwayar ba. Masu ALK ba su cika amfana da allurar ƙarfafa garkuwar jiki ba, « immunothérapie », wadda ita ma tsada gare ta, ko da gwajin PD-L1 ya fito da yawa. Sanin haka kan hana iyali sayar da fili a kan abin da ba zai yi aiki ba. A ɓangaren ƙarin ruwa kuma, pemetrexed yana yi wa masu ALK da ROS1 aiki fiye da yadda yake yi wa wasu. Sannan dangin da za su haɗa gudummawa daga Abijan, Makka ko Faransa sun fi saurin motsi idan an nuna musu takarda mai sunan ciwo da sunan maganinsa.

Kayan aikin kansa suna ƙaruwa a yankin. An buɗe cibiyar gashi da haske a asibitin Bogodogo na Wagadugu a 2021, a shekarar ce kuma cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara nata gashin. A arewacin Najeriya asibitocin koyarwa na Aminu Kano, na Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen binciken tsoka, haka Komfo Anokye a Kumasi. Gwajin ƙwayoyin gado mai zurfi kuwa sau da yawa aika bulo ake yi zuwa waje, daga ƙasashen Faransanci galibi zuwa Faransa.

Sa'ar da aka yi ita ce bulon kaki ba ya buƙatar firji ko ƙanƙara, kuma yana shekaru bai lalace ba, ko da yake RNA ɗinsa na raguwa da tsufa. Yankan da aka riga aka shimfiɗa a gilashi ba a rina ba ya fi saurin mutuwa, cikin 'yan watanni. Wanda zai kai mara lafiya daga Wagadugu zuwa Yamai, Kano ko Kumasi ya nemi likita ya rubuta wa « anapath » takardar aron bulo, ya tafi da shi tare da gilasan da aka rina, kwafin sakamako da faifan sikana. Lambar da ke jikin bulon ta yi daidai da wadda ke kan takarda, in ba haka ba ɗakin gwajin da aka kai wa zai iya ƙin karɓa. Sunayen ALK, ROS1, RET, EGFR da TTF-1 iri ɗaya ne a Faransanci da Turanci, don haka likitan Kano zai gane takardar Wagadugu ko ba a fassara duka ba. Kakin yana narkewa a wajen digiri 56 zuwa 60, saboda haka wurinsa jakar hannu, ba saman bas ko gaban gilashin mota ba. Idan an gama gwaji a nemi a dawo da ragowar bulon, domin idan ciwon ya daina jin magani likita zai so ya kwatanta sabuwar tsoka da ta farko.